Magana mai harshen damo a littafin malaman ƙananan yara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun watannin baya, wanda ya shafi fassara, ya kuma shafi tarbiyyar yara ƙanana, abubuwa biyu da ba kasafai ake haɗa su a zance ɗaya ba. Ni tsohon malamin Ingilishi ne, na yi shekaru ina koyarwa a kolejojin jihar Damagaram, a nan Jamhuriyar Nijar, kafin in ajiye alli. Da gangan na ce Ingilishi, domin a nan wajenmu idan mutum ya ce "Turanci" sau da yawa Faransanci yake nufi, alhali a Daura ko Kano ba wanda zai ji kalmar ya kawo wani harshe a ransa in ba na Ingila ba. Ka ga ke nan tun daga sunan harshen aka fara samun baki biyu.

Wata tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu take koyarwa a wata makarantar renon yara a cikin garin nan, ita ce ta zo gidana da wani ɗan littafi da aka raba musu a wani taron ƙara wa juna sani na kwana kaɗan. Asalin littafin da Ingilishi aka rubuta shi, aka juya shi zuwa Faransanci, sannan wani ya juya na Faransancin zuwa Hausa, aka haɗa duka ukun aka ɗinke. Bayan mun gaisa sai ta ce: "Mushe, don Allah ka duba mini wannan wuri, na bi abin da aka rubuta amma raina bai kwanta ba." Abin da na Hausar ya ce shi ne ba a yarda yara ƴan shekara uku su yi tarayya a kayan wasa ba. Ita kuwa baiwar Allah, da yake mai bin doka ce, ta shafe makonni tana raba yaran, duk wanda ya miƙa wa ɗan'uwansa ƴar mota ko ƙwallo sai ta karɓe ta mayar wa mai ita, tana zaton dalilin lafiya ne, wato kada yara su riƙa sa abu a baki suna ba juna ciwo. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, domin a ƙasar da kowace uwa ta san ƙyanda da sanƙarau, wannan fahimta ba ta wauta ba ce.

Da na duba na Ingilishin sai na tarar an rubuta: "Three-year-olds may not share their toys." Matsalar duka tana cikin kalmomi biyu, "may not", waɗanda suke ɗaukar ma'ana biyu da ba su ko ga maciji da juna. Wani lokaci hani ne, kamar yadda ake rubutawa a takardar jarrabawa cewa ba a yarda ɗalibi ya shigo da waya ba. Wani lokaci kuma yiwuwa ce kawai, kamar a ce mai yiwuwa ruwa ba zai sauka yau ba. A baki, mai harshen yakan bambanta su da inda ya danna murya, amma a takarda ba murya, sai dai abin da ke gaba da abin da ke baya su nuna hanya. Wanda ya yi na Faransancin ya rubuta "ne peuvent pas partager", alhali abin da ya kamata ya rubuta shi ne "peuvent ne pas partager". Kalmomin ɗaya ne, jerinsu kaɗai ya saɓa, amma na farko ya ce ba su da izini ko ba su iyawa, na biyu ya ce suna iya ƙin yi. Shi kuma na Hausar bai koma ga asali ba, ya ɗauki kuskuren da ya tarar ya ƙara masa gishiri, ya mai da shi doka.

Abin da ya warware mini zancen ba ƙamus ba ne. Layi biyu a ƙasa marubucin ya ce kada malami ya hukunta yaro a kan wannan, ya dai tanadi kayan wasa iri ɗaya fiye da guda, ya kuma yaba wa yaro duk ranar da ya ba wani da kansa. Ba yadda za a yi mutum ya hana abu a layi na farko sannan ya ce a yaba wa wanda ya aikata shi a layi na uku. Bayan haka akwai abin da masana halayyar yara suka daɗe da sani. Tun a 1932 wata mai bincike a Amurka, Mildred Parten, ta zauna tana kallon yara masu shekara biyu zuwa ƙasa da biyar suna wasa a wata makarantar reno ta jami'ar Minesota, ta kasa wasansu gida shida, tun daga yaron da ke zaune ba ya yin komai, da mai wasa shi kaɗai, da mai kallon wasu, har zuwa masu haɗa kai su shirya wasa ɗaya kowa da aikinsa. A tsakiya akwai matakin da yara biyu suke zama kusa da juna, kowa da abin wasansa, suna yin abu iri ɗaya amma ba tare ba, kuma wannan ya fi yawa a wajen ƙananansu. Kakanninmu mata ba su karanta wannan bincike ba, amma duk wadda ta ga jikokinta biyu suna tuwon ƙasa a tsakar gida, kowa ya rungume gwangwaninsa, ta san cewa rowar ɗan shekara uku ba rowa ba ce, ƙuruciya ce, kuma za ta wuce. Saboda haka abin da jimlar take faɗa shi ne: mai yiwuwa ɗan shekara uku ya ƙi ba wani abin wasansa, kada wannan ya dame ki. An so a kwantar wa malama hankali, sai fassara ta sa ta zama mai hana yara kyauta.

Ganin haka ya sa na riƙe littafin kwana biyu na bi shi daga farko zuwa ƙarshe, na kuwa ci karo da wata jimla da ta fi ta farko wuya: "Teach children to play with others without telling them what to do." A nan tambaya biyu ce. Wa aka ce kada ya faɗa, kuma wa aka ce kada a faɗa wa? Ana iya fahimtar cewa malama ce za ta koya wa yara wasa da juna ba tare da ta riƙa tsara musu komai ba, wato ta ja baya ta bar su su gano da kansu. Ana kuma iya fahimtar cewa yaron ne ake so ya koyi wasa da ƴan'uwansa ba tare da ya mai da kansa sarki a kansu ba, yana cewa kai tsaya can, ke zauna nan. Ingilishi yana da wannan hali na ɓoye mai aiki a cikin kalmar da ta ƙare da "ing", sannan "them" ba ta nuna ko yaran ake nufi ko abokan wasansu. Mai fassarar Hausa ya ga ramin, sai ya tsallake shi da wayo, ya rubuta "ba tare da gaya musu abin da za su yi ba", wanda shi ma bai nuna mai gayawar ba. A takarda wannan kamar aminci ne ga asali, amma ni ina ganinsa gudun nauyi, domin malamar da za ta tsaya gaban aji ranar Litinin ba ta da damar tsayawa a tsakiya, dole ta yi ɗaya daga cikin biyun. Hausa kuwa ta ba mu abin da za mu fayyace da shi cikin sauƙi, tunda aikatau ɗinmu yana tafe da wakilin sunansa: ko dai "ba tare da kin gaya musu ba", ko kuma "ba tare da yaro ya riƙa ba ƴan'uwansa umarni ba". Da na duba babin sai na ga kansa yana magana ne a kan yaro mai son mulki a wajen wasa, misalan da aka kawo duka na irin wannan yaro ne, saboda haka ma'ana ta biyu ce daidai. Da a ce babin a kan aikin malami yake, da ta farko ce. Jimlar ita kaɗai ba za ta taɓa gaya maka ba, ko ka kwana kana kallonta.

Sai kuma sunan abin da kansa, wanda shi ne ya fi cin raina. Littafin gaba ɗaya a kan "social skills" yake, aka fassara shi da "dabarun zamantakewa". Ba zan ce kuskure ne ba, amma magana ce ta rediyo da ɗakin taro, wadda idan ka faɗa wa uwa a unguwar Garin Malam ko Zango sai ta tambaye ka ko wani sabon darasi ne aka kawo daga waje. Kowace daga cikin kalmomin biyu tana da tarkonta a wajenmu. Wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci idan ya ji "social" hankalinsa yakan tafi ga taimakon gajiyayyu da asusun ma'aikata, domin a nan ya saba jin kalmar, yaran yanzu kuma sai su kawo Facebook da WhatsApp a ransu. Ita kuma "skills" maƙwabtanmu na Najeriya sun saba jin ta a shirye-shiryen koyon sana'a, ɗinki da walda da gyaran waya, har mutum yana iya zaton ana so a koya wa ɗan shekara huɗu abin neman kuɗi. Alhali abin da ake nufi shi ne yaro ya san gaisuwa, ya san jiran layinsa, ya iya sauraro idan wani yana magana, ya iya roƙon abu ba da ƙwace ba, ya iya ba da haƙuri, ya iya haɗiye fushi. Wannan kuwa Bahaushe yana da sunansa tun kafin a gina ganuwar Birni, tsohuwar unguwar Damagaram: iya zama da mutane. Idan aka ce wane ya iya zama da mutane, an gama yabonsa, idan kuma aka ce bai iya ba, ko digiri nawa gare shi an gama da shi.

Na san waɗannan kalmomi suna da tarihinsu a can inda suka fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa goma a 1993 waɗanda ta ce ya kamata makaranta ta koya wa yara domin rayuwa, a cikinsu akwai iya yanke shawara, da iya magana da mutane, da sanin kai, da jin abin da wani yake ji, da iya riƙe zuciya lokacin ɓacin rai, kuma taron ilimi na duniya da aka yi a Dakar a 2000 ya sa irin wannan koyo cikin manufofinsa. Ba na jayayya da ko ɗaya daga ciki. Abin da nake cewa shi ne idan muka sa musu suna baƙo, iyaye za su ɗauka kaya ne baƙo, su sa musu ido da zargi, alhali yawancinsu abin da suke yi ne kullum a gida. Yaron da ya tashi yana cin tuwo a kwano ɗaya da yayyensa ya riga ya koyi cin gabansa, ya koyi cewa ba a riga babba kai hannu ga nama, babban kuma ya koyi tsame hannu ya bar wa ƙarami saura. Yarinyar da aka aika famfo da bido, wato jarka, a wannan gari namu, inda kowa ya san abin da ruwa yake nufi a watannin zafi, ta san bin layi fiye da duk abin da littafi zai gaya mata, ta kuma san yadda ake roƙon alfarma da yadda ake kare wuri ba tare da an kai ga dambe ba. Ƴan matan da ke gaɗa a dandali, ɗaya ta faɗa sauran su tare ta, bi da bi, darasin amana suke yi ba su sani ba. Mai fassarar da ya fara daga waɗannan, sannan ya nemi inda maganar littafin ta dace da su, zai fi isar da saƙo a kan wanda ya fara daga ƙamus.

Akwai kuma wuraren da nahawun jimlar lafiya lau yake, amma marubucin ya bar wani abu bai faɗa ba domin a ƙasarsu ba ya bukatar faɗa. Littafin ya ce a koya wa yaro kallon idon mutane idan yana magana da su. Waɗanne mutane? A Ingila ko Amurka yaron da ya sunkuyar da kai ana iya cewa yana ɓoye wani abu, a nan kuwa yaron da ya ƙura wa mahaifinsa ko malaminsa ido muna da sunan da muke kiran abin, tsaurin ido, kuma ba yabo ba ne. Idan aka fassara jimlar yadda take, an umarci malama ta rushe abin da gida yake ginawa. Amma kuma ba daidai ba ne a share ta gaba ɗaya, domin akwai gaskiya a ƙarƙashinta: ana so yaro ya nuna yana sauraro, ya juyo ya fuskanci mai magana, ya amsa idan an kira shi, kuma ƙaramin yaron da sam ba ya kallon fuskar uwarsa, ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, abu ne da ya kamata a kai wa likita, ba a ce kunya ce ba. Haka nan inda aka ce yaro ya koyi cewa a'a. Wani uba zai ji wannan ya ce ga shi nan, sun zo su koya wa ƴaƴanmu rashin kunya, alhali babin a kan kare yaro ne daga wanda zai ja shi lungu ko ya taɓa jikinsa ta hanyar da ba ta dace ba. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara ta 1989, wadda sashenta na 12 ya ce a saurari ra'ayin yaro gwargwadon shekarunsa, ita kuma yarjejeniyar Afirka ta 1990 a sashenta na 31 ta ɗora wa yaro nauyin girmama iyayensa da manyansa. Biyun ba su yi karo ba, sai idan mai fassara ya ƙi faɗin wanda za a ce wa a'a da kuma lokacin da za a ce.

Kada a ɗauka ina ɗora wa Ingilishi laifi ni kuma ina wanke namu harshen. Kalmar "horo" kaɗai ta isa misali. Muna cewa an ba malamai horo, muna nufin an ƙara musu sani, muna kuma cewa an yi wa yaro horo, muna nufin ya sha bulala. A wannan littafi an yi amfani da ita a wurare biyun ba tare da bambanci ba, har akwai inda asalin yake cewa a nuna wa yaro iyaka cikin natsuwa, na Hausar ya ce a hore shi. Wanda dama hannunsa yana kusa da tsumagiya ya samu hujja a rubuce.

Dalilin da ya sa na ga abin ya wuce hira tsakanina da ɗalibata shi ne halin da muke ciki yanzu. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, wanda yake nufin takardun da za a riƙa juyawa zuwa Hausa za su ƙaru, kuma da yawansu daga Ingilishi za su fito. Mu a Damagaram ba baƙi ba ne a wannan fage, domin a nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma tun 1999 muke da ƙa'idar rubutu da hukuma ta tsayar. Sai dai iya rubuta ƙ da ɗ da ƴ daidai abu ɗaya ne, iya gane inda jimlar wani harshe ta rabu biyu kuma wani abu ne dabam, kuma wannan na biyun ban ga ana ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Sau da yawa akan ba wa wanda aka ga yana jin harsunan aikin ne a gaggauce, a ce ana so kafin ranar taro, ba a ba shi damar tambayar wanda ya rubuta ba, ba kuma wanda zai duba bayansa.

Abin da nake roƙon masu ba da irin wannan aiki shi ne su daina fassara fassara. Idan asali da Ingilishi yake, a ɗauko Hausar daga Ingilishin kai tsaye, na Faransanci ya zama abin dubawa kawai, domin duk tashar da magana ta yada zango sai ta bar wani abu ta ɗauki wani. Shi kuma mai fassara, idan ya iske jimla mai harshen damo, kada ya zaɓa a ɓoye, kada kuma ya lulluɓe ta da wata Hausa mai harshen damo. Ya karanta babin duka, ya tambayi wanda ya san yara, idan da hali ya aika wa marubucin tambaya, tunda yanzu saƙo ba ya kwana a hanya, matambayi kuwa ba ya ɓata. Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin ko dala: a tara malamai mata uku ko huɗu waɗanda ba su ga asalin ba, a karanta musu Hausar da baki, a tambayi kowace abin da za ta yi a aji gobe idan ta bi wannan magana. Idan amsoshinsu suka saɓa, fassarar ba ta nuna ba, a mayar da ita wuta.

Ɗalibata ta dawo ta karɓi littafinta, mun zauna mun gyara wuraren da fensir, ta kuma ce mini ta daina karɓe kayan wasa daga hannun yara. Amma ba ita kaɗai ta halarci taron ba, kuma sauran kofen suna nan a hannun waɗanda ba su zo sun tambaya ba. Saboda su nake roƙon ka buga waɗannan gyare-gyare yadda suke: ɗan shekara uku yana iya ƙin ba wani abin wasansa, wannan ba laifi ba ne, kuma ba a hana shi bayarwa ba, a koya wa yaro wasa da ƴan'uwansa ba tare da ya riƙa ba su umarni ba, a koya masa fuskantar mai magana da amsa kira, ba ƙura wa manya ido ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani tsohon malamin Ingilishi,
Unguwar Birni, Damagaram.